Bindigar da Kanal Ya Ce Ta Lalace

Tsohon kanal na tsaka da yi wa baƙinsa Larabawa burga da tsofaffin bindigogin sojan da ya jera a bangon falonsa na Al-Nasiriya, can ƙasar Larabawa, sai ga bidiyo daga gida ya shigo wayarsa.

Ƙaninsa ne durƙushe a daji, bakin bindiga a ƙeyarsa.

"Yaya, don Allah ka cece ni!"

Kanal bai ko dubi fuskarsa ba. Gindin bindigar ya ƙura wa ido: lamba 212 da farin fenti, shaidar bataliyarsa. Shi da kansa ya sa hannu cewa ta lalace, kafin ya sayar da ita a ɓoye.

Ɗan bindigar ya ɗaga ta, ya harba sama sau uku. Ko gardama ba ta yi ba.