Ƙwaƙwalwa Ta Uku

"Kashe ta!" in ji Oga.

Injiniya ta kasa zaune ta kasa tsaye, idonta na kan allo. Ƙwaƙwalwar kwamfuta uku ke tuƙa tauraron ɗan'adam ɗinsu a sama, kuma abin da biyu suka faɗa shi ake bi. Tun safe biyu ke cewa lafiya lau. Ta ukun kuwa sai ihu take yi, wai tauraron ya juya wa rana baya, batir na zuƙewa.

"Ranka ya daɗe, biyun nan daga kwali ɗaya muka ciro su. Ciwon da ya kama ɗaya ba zai bar 'yar'uwarta ba. Mu miƙa wa ta ukun tuƙin."

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi," Oga ya katse ta. Ya waiwayi mataimakinsa. "Ko ya ka gani?"

"Yadda ka gani, Oga."

Ta ciji leɓe, ta danna maɓallin kashe ta ukun. Jan da ke allo ya ɓace, komai ya koma kore shar. Har da masu tafi.

Shayin Oga bai huce ba allon ya yi baƙi ƙirin. Aka kira tauraron, aka sake kira. Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Oga ya juyo, gumi na tsiyaya. "Ke da kika sani, don me ba ki hana mu ba?"

Ta rataya jakarta.

"Ku biyu ne, ranka ya daɗe. Ni ce ta ukun."