Sunayen Tsauni da Suka Ɓace

Kwana uku ke nan Idrisa mai gyaran na'ura yana fama da ordinata, wato kwamfutar biro, ofishin rabon hatsi na Matamaye, Ajidan Gambo, hafsan sojan da ke kula da wurin, kuwa na tsaye a kansa kamar mai gadin gawa.

Shekarar da damina ta ƙi ce, soja kuma suka karɓi mulki. Gidan da babu sunansa a na'ura, babu gero. Sai ga gida saba'in na ƙauyen Tsauni sun ɓace daga jerin, buhunansu kuma sun fita daga sito. Aka kama Cha'ibu, mai shigar da sunaye, ƙanen matar Idrisa. Ranar kasuwa za a wuce da shi Damagaram.

Idrisa ya san na'urar ba ta mantuwa. Duk sunan da aka ƙara ko aka goge, tana rubuta wanda ya yi a wani dosiye, wato fayil, don ta sanar da 'yar'uwarta na'urar Damagaram. Amma Ajidan ya sa an yanke layin da ke haɗa su tun ranar da abin ya faru, wai saboda tsaro. Dosiyen kuma ba ya inda aka saba ajiye shi. Wanda ya kafa na'urar ya kai shi wani lungu, ya tafi abinsa.

"Kai, ina yake?" in ji Ajidan. "Ko kana rufa wa surukinka asiri ne?"

Idrisa ya haɗiye fushinsa. Ya tsani mutumin nan har cikin ransa, da warin tabarsa, da yadda yake kiran dattawa "kai". Ya bar laluben hannu, ya rubuta ɗan umarni da zai bi takardar tsarin na'urar layi-layi, ya ciro inda ta ce tana ajiye canje-canje. Sau biyu yana kuskure. A na uku hanyar ta fito, fara sol a kan baƙin allo.

"Na samu, ranka ya daɗe!" in ji Idrisa cikin murna. "Yau Cha'ibu zai kwana gida."

Ajidan ya kori sauran ma'aikata, ya tura ƙofa da ƙafa. Idrisa ya buɗe dosiyen. Layi saba'in, duk suna ɗaya ne a gefensu, kuma ba na Cha'ibu ba ne.

Ajidan Gambo ya ɗora bindiga a kan tebur, ya dubi sunansa a allon, ya ce, "Madalla. To, goge shi."