Hannun Auta

"Baba, a bari sai gobe mana," in ji Auta, tana ɓoye hannunta.

Tun da ruwan zafi ya ƙone mata gwiwar hannu, likitar gashin ƙashi ta gargaɗi uban: "Kullum ka miƙar da shi, ko tana ihu. In tausayi ya hana ka, ya ƙage ke nan."

Uwar ba ta iya kallo, sai shi ya zama dodon gidan. Yarinyar da ke rugowa tarbarsa yanzu ƙarƙashin gado take shigewa.

Yau rungumarta kawai yake so. Ya durƙusa. Hannun nata ya miƙe sambal, karon farko, ya tokare ƙirjinsa.

"Kar ka matso!"

Daga bakin ƙofa uwar ta ce, "Baban Auta, duba, ya warke!"