Akwatin Ramalan

Akwatin bai fi sabulun wanki girma ba, amma cikin wata ɗaya ya kashe wa Fatahu kasuwa murus.

Tun da aka rufe ramin yuraniyom na Akokan aka sallame shi, Fatahu ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a kan konsol huɗu, na'urorin nan da ake buga ƙwallo da su a tele. Ya kafa rumfa kusa da tashar Arlit, da ita yake ciyar da matarsa Hansai da 'ya'ya biyar. Yana lallaɓa su kamar jarirai. In rana ta take suka fara huci, sai ya sayo ƙanƙara ya ajiye gaban fanka don iska mai sanyi ta riƙa dukansu. Watan jiya, tun akwatin bai zo ba, da abubuwa suka matse, ya sayar da guda ga Akoli, direban da ke kai kaya wurin masu haƙar zinariya a Tchibarakaten. Saura uku, kuma yanzu ko ƙuda ba ya sauka a kansu.

Kowa ya koma shagon Ramalan, inda tele ɗaya ce tak amma sai an yi layi. Ramalan ɗan Damagaram ne kamar Fatahu, unguwarsu ma ɗaya, kuma shi ya kawo akwatin. Ya ce babu wasa a cikinsa ko ɗaya. Wasan yana can Turai cikin manyan injuna, intanet ce ke kawo shi. Ba faifai, ba zafi, kuɗin wasa rabin na Fatahu.

"Ɗan garinmu, zamanin konsol ya wuce," in ji Ramalan. "Akwai shida a kwali, don kai na ɓoye su."

Ranar Laraba da hantsi sai ga Akoli a rumfa. Yana son ukun da suka rage, kuma ana idar da azahar zai kama hanya, ba zai dawo ba sai bayan wata biyu. Tayin da ya yi na wulaƙanci ne, amma ya zo daidai da kuɗin akwati shida, ba daɗi ba ragi.

Tsoro ya kama Fatahu. In ya riƙe su, zai zauna yana gadin tarkacen da ba mai so. In ya sayar kuma akwatin ya zama iska, ba shi da wani kuɗin sallama da zai sake jira. Ya leƙa gida ya faɗa wa Hansai. Ba ta daina yankan albasa ba ta ce, "Malam, ka gwada da hannunka tukuna."

A hanya ya ciro waya don ya ce wa Akoli ya jira shi. Babu rezo, ba kira ba intanet. Mai shayi ya ce tun safe haka garin yake, kowa sai ɗaga waya sama yake kamar mai roƙon ruwa. Fatahu ya ja tsaki ya ƙara sauri.

Shagon Ramalan ya cika. Rediyo na ta ihu har mutum ba ya jin na kusa da shi. Ga akwatin a kan tele da 'yar wutarsa shuɗiya, wayoyi sun bi bango sun shige bayan labule. Ramalan ya fito daga ɗakin baya yana goge ruwan ƙanƙara a rigarsa, ya ta da wani daga benci, ya miƙa wa Fatahu manet, abin nan da ake sarrafa 'yan wasa da shi.

Gaskiya, addu'a Fatahu yake a ransa abin ya kwafsa. Ya jira hoton ya maƙale, ya jira ɗan wasa ya yi jinkirin juyawa ko da ƙiftawar ido. Shekara huɗu yana wannan sana'a, ba a yi masa wayo a nan. Amma da ya danna, ƙwallo sai ta tafi. Ya yanke hagu, ya yanke dama, komai na bin yatsunsa kamar sun saba. Aka tashi wasa bai sami aibi ko ɗaya ba. Ya miƙa hannu ya taɓa akwatin, ya ji shi sanyi ƙalau, da tsakar rana, a Arlit.

Ya ji baƙin ciki irin na ranar da aka miƙa masa takardar sallama.

Da hannunsa ya naɗe konsol ɗin uku cikin bargo. Ya tsaya a tasha har motar Akoli ta ɓace a hanyar arewa, sannan ya kai wa Ramalan kuɗin ko ɗuminsu bai ji ba. Ramalan ya rungume shi, ya ɗora masa kwalin a kafaɗa, ya hau babur ya ce zai je neman mai ya dawo.

Fatahu ya kai bakin ƙofa ke nan sai Illi makanike, wanda layi ya zo kansa, ya ƙwala masa kira yana ƙyalƙyala dariya.

"Malam Fatahu! Zo ka gani, ashe har Turai an san ka!"

Ya juyo. Illi yana zaɓen ƙungiya ne ya faɗa kan wata mai koriyar riga, sunanta Zakunan Akokan. 'Yan gaba duk tsoffin abokan aikin Fatahu ne na cikin rami, mai tsaron gida kuwa Hansai, don ba abin da ke wuce ta.

Fatahu ne ya rubuta sunayen nan da yatsunsa, kuma duk duniya ba inda suke sai cikin konsol ɗin da ya sayar wa Akoli watan jiya. Ya bi wayoyin akwatin da ido har inda suka shige bayan labule.