Ranar da Ƙofa ta Buɗe wa Malam Tukur

Tun da aka kafa wa tasha wata ƙofa mai shinshino tsoro a jinin mutum don kama masu laifi, Malam Tukur bai sake shiga ba. Ciwon hanta ya kumbura masa ciki, jikinsa kullum a firgice, alhali shi hankalinsa kwance. Ƙofa kuwa mai laifi take ɗaukarsa, da ya matso sai ta ɗauki ƙara.

Likita ya taɓa gaya wa matarsa Ladidi, "Firgicin nan ne ke riƙe masa rai. Jiki ne ke kokawa, ranar da ya gaji zai daina."

Ran Laraba suka sake gwadawa, za su sunan jika. Ƙofa ta buɗe masa shiru.

"Ladidi, kin gani? Na warke!"

"Na gani, Malam."

Ta sa ƙafa za ta bi shi, sai ƙofa ta ɗauki ƙara.