Ƙaton Kati a Tsohuwar Kwamfuta

Zauna nan, angona, ka ji wannan tun kafin ka kai hannu aljihu.

An yi wani mai walda a bakin kasuwa, shi da ƙanensa su biyu rak uwarsu ta bari a duniya. Ƙanen ya tafi neman abinci wata ƙasa mai nisa, can bayan teku. To ka dai san maza, ka kuma san wa da ƙane. In aka buga waya, ya aiki, lafiya lau, ya mutan gida, suna gaishe ka. Daga nan sai shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa, har ɗaya ya ce ana kiransa. Amma akwai wata tsohuwar kwamfuta da ƙanen ya bari a ɗaki, wadda suka taso suna buga wasan gem a kanta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, wan ya kunna ta, ƙanen ya kunna tasa a can, su haɗu a cikin wasan, sojoji biyu suna gudu kafaɗa da kafaɗa cikin kangon gari. A nan bakinsu ke buɗewa. Ido yana kan allo, hannu yana aiki, sai magana ta zubo da kanta. A nan ƙanen ya faɗa cewa ya yi kuka ranar Sallah shi kaɗai a ɗaki. A nan wan ya faɗi ɓarin da matarsa ta yi, abin da ko limamin unguwa bai ji ba.

Ana nan sai masu wasan suka sabunta shi, ya yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi. Sojan wan ya koma tafiyar mai ciwon ƙafa, ya yi taku ya daskare, a harbe shi yana tsaye. Ƙanen ya riƙa dawowa yana jansa. Wata rana ya ce, "Yaya, tsaya a bayana, ni zan kare ka." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma maganar ta soki wan. Yaron da ya goya, ya share wa majina, yau shi ne zai kare shi? Ƙanen ya ce abin ba wuya, katin hoto ne ya tsufa, wato farantin da ke cikin kwamfutar yana zana duk abin da ido ke gani. Ya ce a sayi ƙarami, ko na hannu ne, ya wadatar.

Mai walda ya je kasuwa, mai shago ya ajiye masa guda biyu. Ɗaya bai wuce tafin hannu ba, fanka ɗaya, ba ya shan wuta, zai zauna a tsohuwar kamar don ita aka yi shi. Ɗayan kuwa ƙato ne kamar bulo, fanka uku, da fitilu masu launi. Mai shago ya ce babban sai da sabon akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfutar lantarki, kuma da wuya katin ya shiga cikinta, amma mai kaya shi ya san abin da yake so. Mutumin nan ya ɗauki ƙaramin ya juya shi a hannu. Da wannan zai iya tafiya daidai da ƙanensa. Shi kuwa ba daidai yake nema ba, gaba yake so. Ya sayar da babur ɗinsa ya ɗauki ƙaton, bai rage abin sayen akwatin wuta ba.

Da ya zo gida kati ya ƙi shiga. To shi mai walda ne, duk rayuwarsa ƙarfen da ya ƙi shiga yanke masa hanya ake yi. Ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya tsaga haƙarƙarin kwamfutar. Aka zo wajen wuta, tsohon akwatin wutar ba shi da bakin wayar da zai karɓi katin. Ya fere wayoyi ya haɗa da hannunsa, ya naɗe da salatif, yadda yake yi wa injin walda. Ya kunna, fitilu suka kama, fankoki suka juya.

Ranar Juma'a sojansa ya fita kamar barewa. Har ciyawar da ke tsagar bango yana gani. Ya wuce ƙanensa a guje yana dariya, yana cewa, "Biyo ni, yaro." Ƙanen yana daga baya ya ce, "Yaya, ɗan jira ni, akwai maganar da nake so mu yi." Bai jira ba, daɗin gudu yake ji. Sai wani abu ya yi tas a cikin kwamfutar, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin, allo ya yi baƙi. Mai gyara ya duba ya ce akwatin wutar ya ƙone, ya tafi da katin, ya tafi da babban farantin da komai ke zaune a kansa. Babu abin ɗauka.

Da ya faɗa wa ƙanen gaskiya, da wataƙila an san yadda aka yi. Amma da wane baki? Wata Juma'ar ya ce ba wuta, wata ya ce aiki ya yi yawa. Ƙanen ya yi ta tambaya har ya ɗauka wansa ne ya gaji da shi, ya daina. Waya ta koma ya aiki, lafiya lau. Maganar nan da bai tsaya ya ji ba, a bakin wani baƙo ya tsince ta daga baya: ƙanen ya samu mata a can, yana ta wasi-wasi ko ya zauna ko ya dawo gida, shawarar wansa yake nema. Da bai samu ba, ya zauna.

Kwamfutar tana nan a lungun shagonsa da tsagaggen haƙarƙarinta, a kanta yake ajiye kofin shayi. In Juma'a ta zo aka sauko daga masallaci, ba ya komawa gida da wuri, don ba abin da zai kunna.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira, an rasa ido.