Sunan da Aka Goge

"Ku gafarce ni, Alhaji, ni na rubuta," ta ce.

Wata uku ta yi a ƙuryar shagonsa na kwamfuta a Sabon Gari, tana haɗa 'yar manhajar da 'yan kasuwa za su riƙa ɗora hotunan atamfa da ita a dandalinsu na intanet. A kan wani tsarin kyauta da kowa ke iya ɗauka a intanet ta gina ta, ta sa mata lasisinsa, wato sharuɗɗan amfani da shi. Da aka fara yabo, manajan shagon ya goge sunanta daga manhajar ya sa nasa. Yau lauyan Alhaji ya ce an karya lasisin.

"Wallahi ko layi ɗaya ban rubuta ba!" in ji manaja. "Ita ta kwaso mana tsarin banza. A sallame ta."

Me za ta gaya wa Inna?

Lauya ya gyara tabarau. "Tsarin lafiya lau, Alhaji. Sharaɗin da aka karya ɗaya ne: kada a goge sunan marubuci."

Kowa ya zuba wa manaja ido yana mayar da sunanta, harafi bayan harafi. Kafin wani ya waiwayo, ta rungume littafinta ta sulale waje.